Ki Bari Su Yi Miki Rakiya

Daga Talata Mafara,
zuwa ga ɗiyata Rabi, wadda nake kira Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiya, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, tunda sunan mahaifiyata kika ci. Ina gajiyar shiri? Yaya hidima, yaya haƙuri da mu? Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya kai ki lafiya, ya maido mana ke lafiya. Amin.

Kin san ni da baki. A kara, kasuwar shanu, in ana cinikin sa, ba a haifi dillalin da zai rufe min baki ba. Amma ranar da kika zauna bakin tabarmata kina gaya min an ɗauke ki aikin nan, sai kawai na sa miki albarka kika tashi. Kin tafi kina tsammanin hankalina a kwance yake. Wallahi ba a kwance yake ba, shi ya sa na nemi biro da takarda, abin da rabona da shi har na manta.

Ga yadda na fahimci aikin naku, in na kauce ki gyara min. Ana son a yi babbar hanya da za ta tashi daga ƙasar nan ta tsallaka iyaka ta shiga Nijar. Kafin masu ba da kuɗi su yarda, kafin a kawo katafila ko ɗaya, sai an tura ku, ku da takwarorinku na can, ku duba ƙasa, ku ji ta bakin mutane, ku ja layi ku ce nan hanya za ta bi, nan gada, nan kwalbati. Abin da kuka sa wa hannu shi za a gina, kuma in an gina ba a ɗagawa. Sai kuma kika ce shugabanku yana son a gama kafin ruwa ya sauka. Za ku yi aiki da hotunan da ake ɗauka daga sama, kowane gari ku yi taro ɗaya a ƙofar mai gari, ku koma mota da sauri saboda halin da hanya take ciki. Kin faɗe shi kamar ba komai ba. Ni kuwa tun daga nan tuwo ya daina yi min daɗi.

Tsoro biyu nake ji, Uwata, kuma ba sa shiri da juna. Ina tsoron abin da zai same ki in kin fita daga motar nan. Ina kuma tsoron abin da zai sami mutane in ba ki fita ba. Na farkon kowane uba a Zamfara ya san shi, ba sai na yi miki bayani ba. Na biyun kuwa ni na san shi fiye da kowa, domin na taɓa yin irin aikinku, ƙarami dai, kuma na ɓata shi.

Lokacin kina goye ne. Akwai wata ƙorama tsakanin ƙasar Mafara da ƙasar Bakura, can wajen Dakko, inda motocinmu na shanu ke kafewa duk damina. Sai a kwana biyu ana turi, dabbobi su rame, ranar kasuwa ta wuce mu. Dillalai da mahauta muka haɗu muka ce mu yi wa kanmu magani, mu ɗaga hanyar da jar ƙasa, mu sa kwalbati a kan ƙoramar. Aka ɗora ni a kan aikin saboda an san ba na wasa. Ni ma na san ba na wasa, abin da ya kai ni ya baro ke nan.

Akwai maƙwabcinmu a lokacin, Mista Yohanna, ma'aikacin gwamnati mai awon hanya, mutumin kirki da ke sayen nama wurin kawunki. Ya yarda ya taimaka mana ranar hutunsa. Muka je da bazara, ƙoramar ta bushe ƙayau, yara na wasa a cikin rairayinta. Ya auna, ya sake aunawa, ya yi ta kallon filin da ke gefe. Daga baya ya ce shi fa ya ga ƙasa amma bai ga ruwa ba, a bar shi ya ga damina ɗaya tukuna, a kuma tambayi mutanen ƙetare yadda ruwan ke zuwa musu. Kin san abin da na ce masa? A gaban mutane na yi dariya, na ce ai ma'aikacin gwamnati ba ya gaggawa tunda ko ya yi aiki ko bai yi ba wata zai ƙare, mu kuwa shanu ba sa jira. Bawan Allah ya zana mana abin da muka ce. Har ya bar garin nan ban iya haɗa ido da shi sosai ba.

To ki ji ta farko. Ƙasar rani maƙaryaciya ce. Inda kika ga fili fetal babu mai shi, da damina hanyar ruwa ce, ko gonar shinkafar wani, ko burtalin da Fulani ke bi in sun dawo daga kudu. Ban san abin da hotonku na sama ke nunawa ba, kin fi ni sani, kuma ban raina shi ba. Amma ki tambaya da wane wata aka ɗauke shi. In shugabanku ya ce ba za a jira damina ba, ba ke za ki tilasta shi ba, na sani. Abin da ke hannunki shi ne ki faɗa a fili cewa ba ki ga ruwan ba, ki kuma rubuta haka a inda za a gani. In a cikinku akwai wani mai irin halin Yohanna, mai cewa a dakata, kada ki shiga cikin masu yi masa dariya. Sauri ya haifi nawa, ni shaida ne.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni. A ƙetaren ƙoramar akwai wata tunga, ba zan faɗi sunanta ba don mutanenta suna nan da ransu. Sai da muka sayo siminti, muka jibge jar ƙasa a bakin hanya, sannan na tuna ya kamata a je a gaya musu. Ki lura da abin da na ce, a gaya musu. Ban je tambaya ba. Na ɗauki goro, na sa aka yanka rago aka gyara, muka shiga mota har ƙofar mai gari.

Aka shimfiɗa tabarmi. Aka yi gaisuwa irin tamu, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina dabbobi, aka koma aka sake daga farko. Aka ci nama, aka raba goro. Sannan na tashi na yi jawabi, kin san ubanki in ya sami taro. Na ce hanya za ta kawo musu mota har ƙofa, mai haƙuri zai isa asibiti, hatsinsu zai isa kasuwa. Mai gari ya yi godiya mai tsawo, dattawa suka ce Allah ya sa albarka, liman ya shafa fatiha. Na duba ban ga wanda ya ɗaga yatsa ba, na ce a raina an gama.

A cikin mutanen akwai Bawa. Ba za ki tuna shi ba. Aminina ne, shi ke riƙe min shanun da nake turkewa, kuma zanen goyonki na farko matarsa ce ta aiko da shi. Yana zaune can baya, bai ce uffan ba har aka watse. Ni kuma ina sauri don washegari kasuwa ce, direba ya riga ya tayar da mota nan bakin zauren. Ina sa ƙafa sai ga Bawa ya biyo ni, takalminsa ma a hannu bai tsaya sawa ba.

Ya ce, “Alhaji, bari in taka maka.”

Na ce, “Haba Bawa, koma, rana ta yi zafi. Ai mun zama ɗaya.”

Na rufe ƙofa muka tafi. Har ina jin daɗi a raina wai na hutar da shi.

Uwata, abin da ke ci min rai har yau shi ne ni ba baƙo ba ne. Da Bature ne ya yi haka sai a ce bai sani ba. Ni an haife ni a nan, na san mutumin ƙauye ba ya mayar da maganar mai gari a gaban baƙi, na san wanda ya ci naman mutum ba ya tashi a take ya ce masa bai iya ba. Na san maganar gaskiya sai an tashi, an fito rakiya, an wuce gidaje, an rage mutum biyu a hanya, sannan mai gida zai yi gyaran murya ya ce, af, na ce ba. Ko cinikin sa ba a ƙare shi a tsakiyar kara, sai an ja mutum gefe. Duk na san wannan, amma ranar ina da mota kuma ina da sauri.

Muka yi hanya, ta yi kyau ƙwarai. Ruwan farko ya zo ya bi ta kwalbati ya wuce, na yi ta yawo a kasuwa ina tambayar ina masu cewa a jira. Sai da marka ta kankama sannan muka ga abin da muka yi. Ashe in ruwa ya yi yawa ba ta ƙoramar yake zuwa ba. Akwai tsohuwar hanyarsa ta bayan tungar, yakan bazu a filin nan da Yohanna ya yi ta kallo, ya gangara fadamar da ke gefenmu ya tafi abinsa. Tun kakanninsu haka yake yi. Mu kuma muka gina masa katanga a daidai wurin. Da ya zo ya rasa mafita sai ya koma cikin gari.

Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Amma dawa ta kwanta, shinkafa ta nutse, rumbuna suka jiƙe daga ƙasa suka zube da hatsin bara a ciki, ɗakuna suka faɗi. Kuma abin kunyar, a ranar motocinmu na bin hanya lafiya lau, direbobi na leƙowa suna kallon mutane cikin ruwa har gwiwa suna kwashe kaya.

Samarin tungar suka fito da diga da fartanya suka yanke hanyar don ruwa ya wuce. Namu suka taso da sanduna. Da ƙyar dattawa suka raba. Aka kai magana gaban hukuma, na wancan gefe suka ce ba su suka gina ba, na wannan gefe suka ce ɓarnar ba a ƙasarsu ta faru ba. Sai a lokacin muka gane ba mu taɓa zama mun ce hanyar ta wa ce ba, wa zai gyara in ta lalace, wa za a kai wa kuka in ta cuci wani. Aka yi ta jeka ka dawo har kowa ya gaji. Hanyar tana nan a yanke har yau, in kin bi ta wurin za ki ga kwalbatin tsaye shi kaɗai, awaki na kwana a ciki.

Wannan fa tsakanin ƙasar hakimi da ƙasar hakimi ne, mutanen da ke auren juna, suke cin kasuwa ɗaya. Ina ga ƙasa da ƙasa, kowa da tutarsa da sojansa, takardar wannan da Turanci, ta wancan da Faransanci? Don Allah tun yanzu, tun ba a zuba tifa ɗaya ba, ku zauna da mutanen can ku yanke wa ke da me, wa zai gyara, ina talaka zai je in ruwan da aka tare a wannan ƙasa ya kwana a ɗakinsa a waccan. Tun ran gini ran zane. Kuma kada ku ja layinku ku gama sannan ku kai musu su sa albarka. Wanda aka kawo wa abu a gama ba ya gyara shi, kallonsa yake yi, in ya lalace ya ce dama.

Bawa ya kwashe iyalinsa ya koma Tsibiri, wajen dangin matarsa, a ƙasar Maradun. Ya aiko min da shanuna cif, ba tare da saƙo ba. Na daɗe ban je ba. Kullum in ce sai kasuwa ta wuce, alhali kunya ce kawai da tsoron abin da zai faɗa min. Da na daure na je, ya tarbe ni kamar ba abin da ya faru. Ya sa aka yanka kaza, ya tambayi lafiyar mahaifiyarki, ya tambaya ko kin fara tafiya. Na yi ta jiran ya zage ni in samu sauƙi, bai yi ba. Da na tashi ya ɗauki sandarsa, wannan karon na bar shi ya taka min. Muka wuce gidaje, muka wuce rijiya, sai da muka shiga gonaki ya tsaya.

Ya ce, “Alhaji, ran nan da ka bari na taka maka ko zuwa bakin tsamiya, da na gwada maka inda ruwa ke bi.”

Na ce, “Bawa, me ya hana ka faɗi a taron?”

Ya ce, “Mai gari ya yi godiya, mun ci namanka. In tashi in ce mi?”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake tayar da maganar ba har Allah ya yi masa rasuwa. Mun ci gaba da gaisawa, ana biki ana suna, amma bai ƙara karɓar saniyata ba, ni ma ban ƙara samun fuskar roƙonsa ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki, ni da ban yi karatun da kika yi ba. In kun je gari, kada ku kai mota ƙofar mai gari. Ku bar ta nesa kaɗan, yadda dole a taka muku. In an watse wani ya biyo ki, ko tsoho ne mai tafiya da ƙyar, ko ba ki ga alamar yana da abin faɗi ba, kada ki ce masa ya koma. Ki rage sauri, ki bar abokan aikinki su yi gaba, ki yi shiru. Shirun nan yana da wuya, na sani, jinina ce ke, amma ki daure. Kada ku raba wa mutane abin hannu kafin ku ji ta bakinsu, ku bari sai za ku tafi. Taron da kowa ya ce madalla ba wanda ya yi tambaya, ki ɗauka ba a yi shi ba tukuna, ki nemi dalilin komawa.

Kuma kina da abin da mazan da ke tare da ke ba su da shi. Ke za ki iya yin sallama ki shiga cikin gida. Mata su suka san rijiyar da ke ƙafewa da wadda ba ta ƙafewa, su suka san ɗakin da ruwa ya fara shiga, su ke bin hanyar itace da ta kasuwa da ƙafa. Ni ko mace ɗaya ban tambaya ba a tungar nan, ko a raina bai zo ba. Ki zauna kan tabarmarsu, ki sha furarsu ko ba kya so, ki ajiye Turancin nan naki a mota. Can ƙetaren iyaka ma haka, na yi fataucin shanu a wurinsu shekara da shekaru, Hausarmu ɗaya, kunyarmu ɗaya. Kada ki yarda a sa tafinta tsakaninki da tsohuwar da za ta iya ce miki ɗiyata.

Yanzu sai maganar da nake ta kewaya tun farkon takarda. Mahaifiyarki ta san ina rubuta miki, kuma saƙonta ɗaya ne. Ta ce in gaya miki kada ki kuskura ki fita daga mota, ki zauna tsakiyar masu tsaro, ki gama abin da za ki yi ki dawo, hanya ta bi duk inda ta ga dama. Ta faɗa tana kuka, kuma ban iya ce mata ba ta da gaskiya ba. Na san dajin nan yadda ya koma. Na je jana'izar mutanen da suka fita da safe kamar yadda za ki fita. In wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka, tun ma ba ki tafi ba ke nan. Ni da nake shiga daji da garke ba ko wuƙar kirki, yau ga ni ina tsoron waya.

Na isar da saƙonta, kin ji shi. Ga nawa. In masu tsaronku suka ce akwai motsi, ki bi maganarsu, ko taki ɗaya kada ki yi, ba jarumta nake nema a wurinki ba. Amma in haka ta faru, ki koma ki ce garin nan ba ki ji ta bakinsu ba, kuma ba za ki sa hannu a kansa ba sai kin ji. Ko shugabanku zai ɓata rai, ko za a ce ɗiyar mahauta ta cika taurin kai, ki ce gado kika yi. In kuwa suka ce lafiya, to ki sauka, Uwata. Ki sauka ki taka da ƙafarki, ki bari su yi miki rakiya.

Allah ya sani ban taɓa rubuta abin da ya yi min nauyi kamar wannan ba. Ina tura ɗiyata ta bar inuwar mota ta shiga gonakin da ban san wa ke cikinsu ba, saboda mutanen da ban taɓa gani ba, kuma ba za su taɓa sanin sunana ba. In wani abu ya same ki a dalilin maganata, ban san da wane ido zan kalli mahaifiyarki ba. Na ajiye biron nan na sake ɗauka ban san sau nawa ba, ina son in soke layin. Ban soke ba. Ɗazu ta leƙo ta tambaye ni ko na rubuta abin da ta ce, na ce na rubuta. Ba ta tambaye ni ko na ƙara wani abu ba, ni ma ban faɗa mata ba.

Allah ya tsare min ke a mota, ya tsare min ke a ƙasa. Ya rufe idon mugu daga gare ki, ya haɗa ki da mutanen kirki a kowane gefe na iyaka. Ya sa kada hannunki ya zama sanadin hawayen kowa, ya sa kada mu yi kuka a kanki. Na ba Allah ajiyarki, shi da ajiyarsa ba ta ɓata.

Duk garin da kika fita lafiya ki kira ni, ko ba ki da abin faɗi. Sallamarki kawai nake son ji.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Garba.